Kun Tambaya, Mun Amsa: Gane Bishiya Daga Ganyenta

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo yawancinsu a kan itatuwa ne, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: ganyen wannan ya yi kama da na waccan. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka zo da magana ɗaya. Sunayen da muka yi aiki da su su ne waɗanda aka fi ji a kasuwannin Kano, Katsina da Zariya, don haka kada wani ya yi mamaki in a garinsu ana kiran bishiyar da wani suna.

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji biyar. Na ce kowane yaro ya kawo ganye mu gane bishiyarsa, suka cika mini tebur, ni kaina na rasa na kamawa. Daga ina ake farawa? (Wata malamar firamare, Funtuwa)

Amsa: Malama, matsalar tun daga wurin tsinko ta faro. Ganyen da aka cizge shi kaɗai ya baro rabin shaidarsa a jikin uwarsa. Gobe ki ce kowane yaro ya karyo ɗan reshe mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, kamar santimita 20 zuwa 40, da ganye biyar ko shida a jiki.

Abin da za ki fara nuna musu shi ne ido. A lungun da ganye ya haɗu da reshe akwai ɗan ƙullutu, wani sa'in bai fi ƙwayar gero ba, wanda ta nan sabon toho ke fitowa. Inda kika ga idon nan, nan ne farkon ganye, kuma duk abin da ke gaba da shi ganye ɗaya ne komai yawan fallayensa. Ɗauki darbejiya. Abin da yaro zai tsinko ya ce ga ganye, falle ne kawai, babu ido a gindinsa. Bi tsinken da fallayen suka jeru a kai har inda ya manne da reshe, can za ki tarar da idon. Mangwaro kuwa kowane falle da nasa ido, shi ne ganye tilo. Da wannan kaɗai yara za su raba tulin da ke tebur gida biyu: masu ganye tilo irin su mangwaro, kanya, kaɗanya da cediya, da masu fallaye irin su darbejiya, tsamiya da kuka.

Masu fallayen su ma zubi biyu ne. Akwai masu yatsu, fallayen duk daga wuri ɗaya suka tashi kamar tafin hannu. Akwai masu zubin gashin kaza, fallaye a jere hagu da dama. A cikin waɗannan, tsamiya sau ɗaya ta rabu, ɗorawa da bagaruwa sau biyu, domin tsinken ya sake fitar da ƙananan tsinkaye kafin fallaye, zogale kuwa har sau uku.

Daga nan sai zaman ganye a kan reshe. Shin biyu-biyu suke fitowa daga gaɓa ɗaya suna kallon juna, kamar na sabara, tumfafiya da tafashiya, ko ɗaya nan ɗaya can, kamar na kanya da magarya? Wannan alama ba ta canzawa da ruwa ko fari, shi ya sa ta fi girman ganye da launinsa amana. Girma yana yaudara ƙwarai: tohon da ya fito daga kututture ko ganyen da ya tashi a inuwa yakan ninka na saman bishiya.

Sauran aikin na hannu da hanci ne. A shafa baki a ji ko sumul ne ko haƙoran zarto. A juya bayan ganye, don gashi da ɗigo-ɗigo a can suke ɓuya. A karya tsinke a ga ko zai yi nono. A murtsuke a shinshina: turare da gwandar daji da lemo ba sa ɓoyuwa. A ɗaga ganyen taura a rana, za a ga 'yan ɗigogi masu haske kamar an tsattsaga shi da allura. Abu biyu kawai za ki hana: ɗanɗana ganyen da ba a sani ba, da wasa da nonon tumfafiya, domin in ya shiga ido yana yin mummunar illa.

Tambaya: Na sayi dashen kuka guda goma. Da na duba sai na ga ganyen falle ɗaya ne, ba yatsu kamar na kukar da na sani. An cuce ni ne? (Wani magidanci, Gumel)

Amsa: Kwantar da hankalinka, Malam, da alama ba a cuce ka ba. Kuka tana ƙarama ganye tilo take yi. Sai ta fara tasawa za ka ga mai yatsu biyu, mai uku, har a kai ga biyar ko bakwai ɗin da kowa ya sani, kuma sau da yawa za ka same su a gauraye a jikin dashe ɗaya. Ko tsohuwar kuka, tohonta na farkon damina yakan zo da irin wannan ganye. In kana son tabbaci, yaga ledar guda ɗaya a hankali ka duba saiwa: ta kuka kumburarriya ce kamar ƙaramin karas, kuma gindin dashen ya fi samansa kauri sosai.

Inda ake rikicewa da gaske shi ne bayan yatsun sun fito, domin itatuwa huɗu da aka fi sani a ƙasarmu suna da wannan zubi: kuka, rimi, gurjiya da ɗinya. Ɗinya ita ce mai sauƙin cirewa, don ita kaɗai ganyenta ke fitowa biyu-biyu suna kallon juna. Fallayenta biyar ne galibi, masu kauri kamar fata, kansu a dunƙule, kowanne da ɗan wuyansa, kuma sabon reshenta yana da kusurwa huɗu in ka murza shi tsakanin yatsu. Rimi fallayensa sirara ne dogaye masu tsini, daga biyar zuwa tara, a kan dogon tsinke, kuma ɓawon ƙaramin rimi kore ne shar. Kada ka dogara da ƙaya a nan: wani rimin na da ita a jiki, wani kuma, musamman irin na cikin gari, sumul yake. Gurjiya fallayenta sun fi faɗi daga wajen kai sannan su tsuke farat ɗaya su yi ɗan tsini, ɓawonta kauri gare shi da ƙayoyi masu faɗin gindi, kuma da sanyi takan zubar da ganye ta yi jan fure. Kuka fallayenta kusan zaune suke ba wuya, na tsakiya ya fi girma, ɓawon kuma santsi ne, toka-toka, ba ƙaya ko ɗaya.

Tambaya: Muna shirin dasa itatuwa a harabar masallacinmu. An kawo mana dashe an ce madaci ne, wasu suka ce darbejiya ce. Yaya za mu raba gardama? (Sakataren wani kwamitin masallaci, Azare)

Amsa: Alhaji, ku shafa bakin falle, gardama ta ƙare. Fallen darbejiya yana da haƙora kamar zarto, ya ɗan lanƙwashe kamar lauje, kuma jijiyar tsakiya ba ta raba shi daidai ba, gefe ɗaya ya fi faɗi. Fallen madaci bakinsa sumul ne, miƙaƙƙe, mai ɗan kauri, tsawonsa santimita 5 zuwa 12, kuma jeri uku zuwa shida ne a tsinke, babu falle tilo a ƙarshe. A babban madaci ganyen kan taru a ƙarshen reshe. Jan launin sabon toho ba shaida ba ce, dukansu suna yi. Ɗaci ma haka, dangi ɗaya ne. Bambancin asali dai akwai: madaci ɗan ƙasa ne, darbejiya kuwa, wadda wasu ke kira dogon yaro, maina ko bedi, daga yankin Indiya ta fito, kuma a 1928 aka kawo ta lardin Borno.

Akwai ta uku da ya kamata ku sa wa ido tunda wurin yara ne, wato kurnar nasara. Fallenta ma yana da haƙora, shi ya sa ake ɗaukarta darbejiya, amma ganyenta sau biyu ya rabu. Furenta launin shunayya ne mai haske, na darbejiya fari. 'Ya'yanta zagayayyu ne, ruwan ɗorawa, suna daɗewa a rataye bayan ganye ya zube, na darbejiya kuwa sun ɗan yi tsawo. 'Ya'yan kurnar nasara guba ne ga yaro da dabba, kuma masu neman ganyen darbejiya don surace kan tsinko nata bisa kuskure.

A ganinmu, in fili ya wadata, madaci ya fi dacewa da harabar da ake so ta daɗe. Yana jinkirin girma a kan darbejiya, amma inuwarsa da katakonsa ba haɗi. Sai dai a ba shi tazarar mita 8 zuwa 10, a kuma tsare shi daga masu sassaƙe, don su ne ajalin madacin cikin gari.

Tambaya: Akwai bishiyoyi a gonar da muka gada da muke ta jira su yi 'ya'yan kaɗanya, shiru. Wata tsohuwa ta ce ba kaɗanya ba ce. Ganyen kuwa sak. (Wata mai sana'ar man kaɗanya, Kontagora)

Amsa: Hajiya, ki saurari tsohuwar nan, kama da wane ba ta wane. Akwai itacen da ake kira namijin kaɗe, kuma ba mijin kaɗanya ba ne kamar yadda sunan ke nunawa, wani jinsi ne daban da ba su haɗa dangi ba. A littattafan kimiyya Lophira lanceolata ake ce masa. Yana da yawa a dazukan da ke samun ruwa sosai kamar na jihar Neja da kudancin Kaduna. Su biyun duka suna tara dogayen ganye a ƙarshen reshe, bakin ganyen yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa, sabon tohonsu ja ne.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Karya tsinken ganye ko ki ɗan ƙwarzani ɓawo da wuƙa. Kaɗanya za ta fitar da farin nono mai danƙo, namijin kaɗe ba ya yi. Sannan ɗaga ganyen a haske. Jijiyoyin kaɗanya a fili suke, za ki iya ƙirga su, jeri 20 zuwa 30, da tazara tsakaninsu. Na namijin kaɗe sirara ne a cunkushe kamar zaren saƙa, ba sa ƙirguwa. Ganyensa ya fi tsawo da siranta, yana iya kaiwa santimita 45, alhali na kaɗanya da wuya ya wuce 25, kuma tsinken ganyen kaɗanya ya fi tsawo. Ɓawon babbar kaɗanya ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada. 'Ya'yan namijin kaɗe kuwa busassu ne masu fiffike.

In gwajin ya nuna nono, to kaɗanya ce, sai haƙuri. Wadda ta tsiro daga ƙwallo takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, kuma gobarar daji a lokacin fure tana hana ta 'ya'ya a wannan shekarar ko da ta manyanta.

Tambaya: An aike ni ganyen magarya, na kawo, aka ce kurna na tsinko. Mene ne bambancinsu? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Juya bayan ganyen, ɗan samari. Magarya samanta kore ne mai sheƙi, bayanta fari-fari ne da laushin gashi kamar auduga. Kurna gaba da baya duk kore ne, kusan babu gashi, rassanta fari-fari, kuma takan zama babbar bishiya fiye da magarya. Abin da ya haɗa su shi ne jijiya uku da suka tashi tare daga gindin ganye, da ƙaya biyu a gaɓa, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya kamar ƙugiya. Da ka ga waɗannan biyun ka san kana gidan. Akwai kuma magaryar kura, mai ganye mafi faɗi da sheƙi, gindinsa a karkace, 'ya'yanta ba daɗin ci.

Kuskurenka ba babba ba ne. Dukansu suna kumfa in an daka an zuba a ruwa, kuma itacen da Larabawa ke kira sidir, wanda muke fassarawa da magarya, irin da ya fi yawa a ƙasashensu shi ne wanda mu muke kira kurna.

Tambaya: Ina so in shiga harkar ƙaro. A dajinmu itatuwan ƙaya sun yi yawa, ganyensu duk iri ɗaya. Wacce ce dakwara? (Wani matashi, Maigatari)

Amsa: A wannan gida ganye kaɗai ba zai fisshe ka ba, Malam, kuma duk wanda ya ce maka zai raba su da ƙirga fallaye yana wahalar da kai ne. Dukansu ganyensu sau biyu ya rabu, fallayen ƙanana kamar ƙwayar shinkafa ko ƙasa da haka. Abin dubawa shi ne ƙayar da ke gindin ganyen.

Dakwara ƙayarta uku ce a gaɓa ɗaya, gajeru: ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe sun kalli sama. Furenta fari ne, dogo kamar ƙaramin zangarniya, kwasfarta shimfiɗaɗɗiya ce mai kama da takarda. Ita ke ba da ƙaro mai daraja ta ɗaya, dunƙulalle mai tauri. Dushe ƙayarsa biyu ce, dogaye farare miƙaƙƙu, furensa ƙwallo ne ruwan ɗorawa, kuma in ka shafa jikinsa wani gari ja ko fari-fari zai biyo hannunka, kore ya bayyana a ƙasa. Ƙaronsa mai daraja ta biyu ne, yana saurin farfashewa. Gauraya su shi ne babban abin da ke karya wa masu tara ƙaro farashi, domin mai saye zai biya kuɗin na ƙasan ne.

Bagaruwa ita ma ƙaya biyu ce miƙaƙƙu da furen ƙwallo, amma ɓawonta baƙi ne mai kaushi, kwasfarta toka-toka mai gaɓoɓi, wadda majema ke jima da ita. Farar ƙaya takan yi babbar bishiya, ƙayoyinta na iya kai tsawon yatsa, ƙananan tsinkayen ganyenta kuma sun fi na sauran yawa. Gawo ba ya buƙatar dogon bayani: in ka ga itacen ƙaya tsirara a watan Agusta, sannan ya yi lif da ganye a tsakiyar rani, shi ne.

Tambaya: Da rani muna sassaro wa dabbobi ganye. An ce akwai samberu a dajin da muka koma, kuma yaran da ke hawa ba su san shi ba. (Wani makiyayi, Ningi)

Amsa: Wannan tambaya ta fi sauran gaggawa, domin samberu dafinsa zuciya yake taɓawa, kuma ganye kaɗan ya isa ya kashe tunkiya ko akuya. Dabbar da ta saba da daji takan kauce masa. Wadda ke ɗaure aka zubo mata, ko baƙuwa mai yunwa, ita ke ci.

Ga ƙa'idar da za ka koya wa yaran. Manyan itatuwan da aka saba sassarowa, kawo, madobiya da madaci, duk ganyensu sau ɗaya ya rabu, fallayen manya ne a kan tsinke guda. Samberu sau biyu ya rabu: babban tsinke ya fitar da ƙananan tsinkaye jeri biyu zuwa biyar, a kansu fallaye kamar girman kan babban yatsa, kansu a dunƙule, kuma ba sa kallon juna, ɗaya nan ɗaya can suke. Ba shi da ƙaya. Duk itacen da ya haɗa waɗannan, rabuwa sau biyu, rashin ƙaya, da fallaye a saɓe, a bar shi.

Biyu ne ake rikita shi da su. Kirya ita ma ba ƙaya kuma sau biyu ta rabu, amma fallayenta biyu-biyu suke daidai da juna, masu ɗan tsini, kuma akwai ɗan ƙullutu a tsakanin kowane jerin tsinkaye. Baƙin maƙarfo shi ya fi kama da samberu, don shi ma fallayensa a saɓe suke. Shaidarsa ita ce kan reshe, wanda ke lulluɓe da jan gashi mai laushi kamar tsatsa. Mu dai shawararmu yaro ya bar samberu da baƙin maƙarfo duka biyun, a bar wa manya rarrabewa. Ɗorawa ba ta cikin wannan ruɗani, fallayenta ƙanana ne rututu, sukan kai jeri 30 ko fiye a ƙaramin tsinke ɗaya. In dabba ta fara rawar jiki, gudawa ko numfashi da ƙyar bayan cin ganye, a kwashe ragowar daga gaban sauran nan take, a nemi malamin dabbobi, a tafi masa da reshen.

Tambaya: Ina so in bi tsarin sassaben zamani a gonata, wato rainon tohon kututture har ya zama bishiya, amma tohon da ke fitowa daga kututture ban san wane ne wane ba. (Wani manomi, Tasawa, jihar Maraɗi)

Amsa: Ka zo gidan abin, Malam, domin a yankinku na Maraɗi wannan aiki ya kafu tun wajen 1983, ya bazu zuwa Damagaram har ya canza fuskar miliyoyin kadada. Wahalar ita ce toho ba shi da fure, ba 'ya'ya, ba tsohon ɓawo, ganye kawai za ka karanta, kuma ganyen toho ya fi na uwar girma da laushi.

Kalgo ganyensa ya tsage daga kai ya zama kunne biyu kamar sawun raƙumi, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. In ka ga mai irin wannan tsagi amma ƙanƙane kamar farce, tsattsagi ne, wanda wasu ke kira jirga ko dirga. Sabara ganyenta ƙanana ne toka-toka, biyu-biyu, kuma bayansu na da baƙaƙen ɗigogi kamar an yayyafa barkono. Geza ma biyu-biyu take, amma kore ce ba ɗigo, kuma da rani ganyenta kan koma ja-ja kamar tsatsa. Taramniya sabon ganyenta danƙo yake yi a hannu. Aduwa kowane ganye falle biyu ne rak, ƙayarta kuma koriya ce doguwa. Gawo, wanda shi ne abin nema a gonar gero, tohonsa fari-fari ne, yana tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, ganyen kore ne mai ratsin toka, ƙaya biyu gajeru miƙaƙƙu. Manoma da yawa sun sare ɗan gawo suna zaton bagaruwa ce. Launin reshen ne zai raba maka, na bagaruwa duhu ne.

Bayan ka gane su, a kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har rabin tsawonsu, kada ka wuce haka, in ba haka ba iska ko akuya za ta karya su. Yi sara da kaifaffen gatari daga ƙasa zuwa sama, domin saran sama zuwa ƙasa yana ɗaye ɓawo ya buɗe wa gara da ruɓa ƙofa. Ka riƙa komawa bayan 'yan watanni, don kututturen zai ci gaba da fitar da sababbi. Kada ka raina sabara da kalgo don ba sa yin babban itace: su ke tare ƙasar da iska ke kwasowa da busasshen ganye, kuma geron da ke kewayensu yakan fi kyau.

Tambaya: An ba ni sandar dashe an ce durumi ne, na kafa a ƙofar gida. Yanzu maƙwabci ya ce cediya ce, za ta fasa mini gini. (Wani magidanci, Kumasi)

Amsa: Ganyen durumi faffaɗa ne mai siffar zuciya, santsi da sheƙi, da tsini a kai da dogon tsinke, shi ya sa yake kaɗawa ko iska kaɗan ce. Na cediya ƙarami ne, ya ɗan yi tsawo, duhun kore, kuma bishiyar na sako saiwoyi daga rassa kamar gemu. Na ɓaure kaushi ne da shi kamar takardar goge katako. Na gamji ya fi duka girma, yakan kai faranti. Duk 'yan gida ɗaya ne: suna nono, kuma kan reshensu na da ɗan tsinin hula da ke faɗuwa ya bar zobe a gaɓa. Game da gini, maƙwabcinka ya yi gaskiya ko da bai canki sunan ba, domin saiwar dukansu ruwa take bi. In sandar ba ta kai mita 10 daga gini, rijiya ko ramin bayan gida ba, cire ta tun yanzu ka matsar.

Tambaya: Ina amfani da manhajar waya mai gane tsiro daga hoto, amma takan ba ni sunaye daban-daban a kan bishiya ɗaya. Ina zan sami tabbaci? (Wata ɗalibar kwalejin aikin gona, Bauchi)

Amsa: Manhajoji irin su PlantNet da hotunan da aka ɗora musu suke aiki, kuma itatuwan dajinmu ba su da yawa a ciki kamar na Turai. Ki ɗauki amsarsu a matsayin zato. Za ki taimaka musu in kin ɗauki reshe gaba ɗaya a kan farar takarda, gaba da baya, da ma'auni a gefe, sannan ɓawo da fure ko 'ya'ya daban.

Tabbaci yana wurin ma'ajiyar busassun tsirrai. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Za su nemi samfuri, ga yadda ake yinsa. Yanki reshe na santimita 30, mai fure ko 'ya'ya in akwai. Shimfiɗa shi a cikin tsohuwar jarida, ki juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, don in ya bushe ba ya juyuwa. Sa kwali sama da ƙasa, katako a kai, ki danne da bulo biyu. Canza jarida kullum a kwana uku ko huɗu na farko, daga nan duk bayan kwana biyu. Da rani mako ɗaya ya isa, da damina yakan kai biyu. In ya yi baƙi ko fumfuna, jinkirin canza takarda ne, ko kuma ya kwana a leda. Tsamiya, ɗorawa da 'yan gidan ƙaya a wurin da aka yanke su ake danne su, domin cikin ɗan lokaci fallayen ke rufewa, daga baya su zube. Masu ƙaya ki fara taka su tsakanin katako biyu kafin ki sa a jarida.

A wata takarda rubuta ranar, garin, irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, tsawon bishiyar, launin fure, ko ta yi nono, da warin ganyen, don duk waɗannan suna ɓacewa in ya bushe. Rubuta kuma sunan da mutanen wurin suka faɗa da harshen da suka faɗe shi. In za ki ajiye samfurin ya daɗe, jefa ƙwallon kafur biyu ko uku a akwatin saboda ƙwari.